Doki ko ƙafa: wa ke cin yaƙi a ƙasar nan?

Jikan Zagi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya bayan isha'i muka kwashi gardama a majalisa har aka watse ba a rabu ba. Wani abokina ya dage cewa a yaƙin da mahaya dawaki su ne mayaƙa, dakaru kuwa 'yan rakiya ne, masu ɗaukar guzuri da cika fili. Hujjarsa wai duk kirarin maroƙa na mai doki ne, manyan sarautun yaƙi ma, Madawaki, Ubandawaki, Barde, Sarkin Dawaki, duk na doki ne. Ni kakana zagi ne, a ƙasa ya yi rayuwarsa, don haka maganar ta tsaya mini a rai. Masana, ku raba mu: mene ne aikin wannan, mene ne aikin wancan?

Ɗan Barde: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya, haƙuri za ka yi. Ka taɓa ganin sarki ya fita yaƙi a ƙasa?

Bakabe: Ɗan Barde, kai da abokin nasa ba ku taɓa zuwa Argungu da damina ba, shi ya sa. Ku zo ku ga hwadama in ta cika, sannan ku gaya man ta inda ingarma zai bi da mutum da sulke bisa bayanshi. Tun da Yakubu Nabame yat tada Kabi a 1849 har Turawa sunka zo, Sakkwato da Gwandu ba su ci Argungu ba. Kuma ba don ba su da dawaki ba, sun hi mu dawaki nesa ba kusa ba. Har sai da anka yi sulhu, Lafiyar Toga, sannan anka koma yaƙi. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zo da kainai zamanin Sarkin Kabi Sama, ya koma bai samu abin da yaz zo nema ba. Ruwa da laka da 'yan baka, su ad dakarunmu.

Ɗan Barde: To Sama ɗin da kake alfahari da shi, da ƙafa yake kai hari garuruwan Gwandu? Kabawa ma da dawakinsu suka yi suna.

Bakabe: Awo, da doki aka kai hari. Amma ba da doki aka tsaron gida ba.

Malama daga Gusau: Kun ga ku biyun kun riga kun amsa tambayar ba ku sani ba. Bari in ɗan tsawaita, don wannan darasin nake koyarwa a aji.

Rundunar ƙasar Hausa a ƙarni na 18 da na 19 ba kashi biyu kawai ba ce. A cikin mahaya akwai 'yan lifidi, waɗanda aka lulluɓe su da dokinsu da rigar da aka cusa wa auduga, kansu da kwalkwali. Ba su da yawa, yawanci bayin sarki ne ko yaran manyan hakimai, domin kayan na sarki ne. Aikinsu su shige gaba su fasa sahu, kibiya ta sauka a kansu ta maƙale a auduga. Sai sauran barade masu sauƙin kaya, da mashi da takobi da garkuwa, mai hali ya sa sulke a ƙarƙashin riga. Su ne 'yan leƙen asiri, su ne masu zagaye ta gefe, su ne masu bin wanda ya gudu. A ƙasa kuma akwai 'yan baka, su ne mafi yawa, kibiyarsu da dafin kwankwani, ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. Akwai masu mashi da garkuwa, masu takobi, daga baya aka sami 'yan bindiga.

Yanzu ku duba Tabkin Kwatto, Yuni 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi kimanin 100, ban da sauran dawaki da Buzaye. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce 20 ba, sauran duk a ƙasa suke da baka. Da lissafin abokin Jikan Zagi ake bi, da kafin azahar an gama da su. Amma 'yan baka suka tsaya wuri guda suka ƙi watsewa, dawakin Gobir suka yi ta zuwa suna komawa, daga ƙarshe Yunfa ne ya bar fili. Sirrin yana nan: doki ba ya son afka wa abin da ya ƙi motsi. Abin da mahayi ke nema shi ne na ƙasa ya tsorata ya juya baya. Da zarar ya juya, ya zama nama. In ya ƙi juyawa, mahayi da dokinsa sun zama abin bara mai faɗi.

Jikan Zagi: Allah ya ƙara basira, Malama. Wannan zan kai majalisa yadda yake.

Ɗan Barde: Kar ka yi saurin kai shi, ƙanena. Malama, da izininki, ki ƙarasa labarin. Me jama'ar suka fara tattarawa bayan an tashi daga Kwatto? Dawakin Gobir. Me ya sa, in baka ta ishe su? Domin mai ƙafa yana iya cin fili amma ba ya iya kama wanda ya kora. Yunfa ya tsira, ya koma Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka ci gaba da yaƙi har 1808 kafin birnin ya faɗi. A tsakani an sha wuya a Tsuntsuwa, an sha a Alwasa nan kusa da Gwandu. Kuma daular da aka kafa bayan nan, daga Sakkwato har Adamawa, da ƙafa aka riƙe ta? Shekara 20 bayan Kwatto rundunar Sarkin Musulmi Bello ta koma ta dawaki dubbai, irin ta Gobir ɗin da aka kayar. Wanda ya ci yaƙi da baka, da ya sami hali doki ya saya. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Malama daga Gusau: Ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne kalmar 'yan rakiya.

Malam na Gwandu: Bismillah. In an yarda in sa baki ta fuskar fiƙihu, domin shari'a ma ta bambanta su. Wajen rabon ganima, bayan an fitar da humusi, mai doki kashi uku yake samu, biyu na doki ɗaya nasa, na ƙasa kuma kashi ɗaya. Haka yake a mazhabarmu ta Malikiyya da mafi yawan malamai, bisa hadisin Ibn Umar. Abu Hanifa ya ce biyu ne. Amma kada wani ya ɗauka fifikon mutum ne a kan mutum. Kashin mahayi shi kansa ɗaya ne, daidai da na dakare. Ƙarin na dabbar ne, saboda abin da take ci da haɗarin rasa ta.

Sannan ku tuna Uhudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce kada su bar wurin ko me suka gani. Muddin suna nan, dawakin Ƙuraishawa da Khalid ɗan Walid ke jagoranta sun kasa zagayowa. Da mafi yawansu suka sauko, ta nan dawakin suka shigo. Ɗan Barde zai ce doki ne ya juya yaƙin, Malama za ta ce barin wuri ne ya juya shi, kuma duk ba su yi ƙarya ba.

Ɗan Barde: Allah gafarta Malam, uku dai ta fi ɗaya ko a wace mazhaba.

Mai Barga: Hahaha. Ɗan Barde, kana da doki ko kirari kawai ka gada? Ni ina kiwonsu, bari in faɗa maka abin da ba a sa wa a waƙa. Doki guda yana son dawa ko gero safe da yamma, yana son dusa, harawa, kanwa, ruwa mai yawa, ga wanki, ga gyaran kofato, ga share barga. Yau da muke sayen komai a kasuwa, magidanci na gari yana jin jiki kafin ya riƙe guda ɗaya. To a ce kana tafiya yaƙi kwana da kwanaki. Wa zai yanko ciyawa? Wa zai ɗebo ruwa? Wa zai ɗauki lifidin, tunda ba a sa shi sai an kusa gamuwa, in ba haka ba zafi ya kashe dokin kafin abokan gaba? Wa zai ja na biyu in na farko ya gaji? Kowane barde da ka gani yana da mutane a ƙasa da suke ɗauke da shi. Kakan Jikan Zagi na cikinsu. In zagi ya ƙi tashi da asuba, barde ba ya zuwa ko'ina.

Kuma doki ba ya zuwa ko'ina ya rayu. Ka gangara kudu inda tsando yake, sammore ya kama shi, ka zuba ido yana ramewa har ya faɗi. Shi ya sa ake ta sayo sababbi daga Barno da Azbin, kuɗi kuwa ba na talaka ba. Shi ya sa kuma yaƙi sai an yi girbi, ƙasa ta bushe, rumbu ya cika.

Malama daga Gusau: Mai Barga ya tuna mini da wani abu. Baturen nan Clapperton yana tare da rundunar Bello a 1826 lokacin da aka kewaye garin Konya na Gobirawa, ya kuma rubuta abin da ya gani. Ya ce 'yan lifidi sai an ɗora su bisa doki saboda nauyin kaya, dokin ma da ƙyar yake wuce tafiya. Mahayan suka yini suna zagaya ganuwa nesa da inda kibiya ke kaiwa, na ƙasa ne ke matsawa kusa su yi harbi su komo. Wadda ta fi burge shi a ranar wata tsohuwa ce Bazamfara, da goruna rataye a sirdinta, tana bin mayaƙa da masu rauni tana ba su ruwa. Garin dai bai ciwu ba a ranar. Doki ba ya hawa ganuwa, ba ya tsallake gwalalo, ba ya shiga sarƙaƙiyar da aka shuka a bakin gari domin shi.

'Yar Zuru: Na gode da aka zo nan. Mu kakanninmu ba su jira an gina ganuwa ba, tudu suka hau. Ku je ƙasar Zuru ku ga inda tsofaffin garuruwa suke, a kan duwatsu. Mahara na zuwa da dawaki daga wajen Kwantagora, in suka sami mutum a gona sun kama shi, in ya riga su kaiwa dutse sai su tsaya a gindi suna kallo. Mu a tarihinmu mai doki ba jarumin waƙa ba ne, shi ne wanda ake ɓoye yara in an hango ƙurarsa. Ina so a riƙa tuna wannan in ana yabon barade.

Ɗan Barde: Yaya, ban ce duk abin da aka yi da doki alheri ba ne. Ƙarfi nake magana.

'Yar Zuru: Ƙarfin kama manomi a gona, na ji.

Mai Kula da Zaure: A yi a hankali, jama'a. Tarihi muke yi, ba ramuwa ba.

Na Kwatarkwashi: Tun ɗazu nike karatu ban ce komi ba, ina jiran in ga ko wani zai ambaci garinmu. Tunda ba a yi ba, ga shi, kuma ina ganin nan ne gardamar taku za ta rikice.

Fabrairu 1903. Turawa sun ci Kano ran 3 ga wata, Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da mafi yawan dawakinsa. A hanyar komowa, a Birnin Goga, ya rabu da rundunar cikin dare. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda sunka rage ya nufi Kano. Kusa da Kwatarkwashi, wajen ƙarshen watan, sunka yi kiciɓis da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. A lissafin Turawa, mutanensa 44 ne da hafsa guda, Kanawa kuwa dawaki 1,000 da dakaru 2,000. Lissafinsu ne, amma ko an rage, tazarar ba ƙarama ba ce. Kusan awa biyu dawakin Kano na kawo hari, ba su fasa su ba. Nan Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada. Wright ya sami lambar jarumta ta Ingila, Victoria Cross, saboda wannan rana.

To ga tambayata. Waɗannan 44 ɗin bisa dawaki sunka zo. Da sunka hango Kanawa, sauka sunka yi, sunka tara dawakin a tsakiya, sunka tsaya sahu huɗu kowane na fuskantar waje, sunka buɗe wuta. Ɗan Barde, naka ne ko na Jikan Zagi?

Ɗan Barde: Wannan ai bindiga ce ta yi aiki, ba ƙafa ba. A ba Waziri irin bindigarsu mu gani.

Jikan Zagi: Nawa ne mana, tunda sai da suka sauka suka zama mutane.

Baba Tsohon Soja: Yarana, ku bari wanda ya sa kaki ya yi magana. Na Kwatarkwashi ya taɓo wurin da ya dace. Waɗancan sojan ƙafa ne da aka ba dawaki. Dokin motarsu ce, ya kai su wuri da sauri, in an isa aikinsa ya ƙare. Shi barde dokinsa makaminsa ne, nauyin dabbar da gudunta su ne ke tura mashin. Ka raba shi da doki ka rage masa rabin ƙarfi, horonsa ma daban ne. Don haka in kuna son bambancewa, kar ku tambayi yadda mutum ya zo fagen fama, ku tambayi yadda yake in an fara.

Kuma ba bindiga kaɗai ba ce, Ɗan Barde. Tsayuwa ce. Ka san abin da ake nufi mutum ya ga dawaki ɗari suna zuwa kansa, ƙasa na rawa, ya riƙe harsashinsa har sai an ba shi umarni? Wannan ba zuciya ba ce kawai, fareti ne. Abin da ya sa ake wahalar da kurata a Zariya da hagu-dama har su gaji da rayuwa ke nan, don ranar da jikinka zai ce gudu, ƙafarka ta ji muryar saje kawai.

Malama daga Gusau: Baba, ga abin da zai ƙarfafa maganarka. Shekara uku bayan Kwatarkwashi, Fabrairu 1906, irin waɗannan sojojin masu dawaki suka tafi Satiru kusa da Sakkwato. Bindigoginsu iri ɗaya, har da bindiga mai ruwa a tare da su. Mutanen Satiru talakawa ne a ƙasa, da gatari da fartanya da baka. Amma aka riske su sahun bai haɗu ba, dawakin suka firgita suka hargitsa su. Aka kashe Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji fiye da 20, bindiga mai ruwan ma aka ƙwace ta. A watan Maris Turawa suka komo da ƙarfi suka shafe garin, wannan wani babi ne mai ɗaci. Abin lura dai, a Kwatarkwashi sahu ya tsaya, a Satiru bai tsaya ba, kuma dawakinsu na cikin abin da ya cuce su.

Bakabe: Wanga kam ban taɓa haɗa su haka ba. Malama, Allah shi biya.

Ɗan Barde: To na ji. Amma ku lura, Turawan da suka zo da bindiga mai ruwa ma sai da suka nemi dawaki. Me ya sa? Ƙasar nan faɗi gare ta. Daga Gusau zuwa Birnin Kebbi a ƙafa kwana nawa ne? Wanda ya riga isa shi ke zaɓen wurin tsayuwa. Ko a Ingila da Faransa haka ne, a 1415 maharban Ingila sun karkashe mahayan Faransa cikin laka a Agincourt, amma ba wanda ya watsar da doki sai da injin ya zo bayan shekara 500.

Baba Tsohon Soja: Injin ya zo, aikin bai canja ba. A sojan Najeriya yau akwai sashen sojan ƙafa, makarantarsu na Jaji, akwai sashen tankoki da motoci masu sulke, tasu na Bauchi. Na Bauchi su ne magadan barade: gudu, fasa sahu, leƙe. Kuma dokarsu ɗaya da ta lifidi. Ba a tura tanka cikin gari ko kurmi ba tare da sojan ƙafa a gefenta ba, domin wanda ke ciki ba ya ganin abin da ke gindinsa. Su kuma na ƙafa ba sa son ƙetare fili fetal ba ta a gabansu. A bariki kowa na raina kowa, mu muna ce musu direbobi, su suna ce mana masu kanta a ƙafa. In an fita daji kowa na neman ɗan'uwansa.

Na Kwatarkwashi: Baba, mu nan dokin da muka sani yanzu mashin ne, wato babur, kuma ba a hannun da ya dace yake ba. Irin abin da 'Yar Zuru ta faɗa ne ya komo: a zo da gudu, a ɗauki mutum a gona, a ɓace kafin a kawo ɗauki. Da gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai a jarka a 2021, ta rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya, ai harawar dokin aka so yankewa.

Baba Tsohon Soja: Haka ne, ɗana. Soja ma sun kafa bataliyar masu mashin a Barno a 2016, don bin hanyoyin da mota ba ta shiga. Amma ka kora su yau ka koma bariki, gobe sun dawo. Sai an bar mutane a ƙasa sun kwana a garin, sun san fuskar kowa, manomi ya ga kakinsu in ya fita da safe. Wannan aikin mashin ba ya yin sa, jirgi ma ba ya yi. Kuma shi ne aikin da ya fi cin mutane, ya fi cin kuɗin abinci, ba kuma a ɗaukarsa a hoto.

Mai Kula da Zaure: Allah ya kawo mana zaman lafiya. Maganar yau da gobe a tsaya nan don Allah, mun san inda take kai mu.

Mai Barga: Ni dai kafin a rufe, Ɗan Barde bai amsa ni ba. Akwai doki a gidanku ko babu?

Ɗan Barde: Akwai sirdi da likkafa da linzamin kakanmu, suna nan rataye a zaure. Dokin ne ake jira.

Mai Barga: Ka zo da buhun dawa biyu da yaron da zai yanki ciyawa, sai mu yi maganar aro ranar hawa.

Bakabe: Kuma ban ji wanda yat taɓo jiragen ruwan Sarkin Kabi Kanta ba. Mutumin da yag gina Surame ya ƙi Songhai tun wajen 1516 ba da doki da ƙahwa kaɗai yay yi ba. Mai Kula da Zaure, a rubuta muna shi na mako mai zuwa, kuma Malama ta zo da shiri.